Ganye Daga Ƙasan Tabo

Talata, biyar saura kwata na yamma

Ban koma ofis ba. Ina cikin mota a bakin ƙofar lambu, gilashi a rufe. Dubi yadda rubutun ya karkace. Don bayanan gwaji na sayi littafin nan, to yau ya ga ta kansa, tunda babu wanda zan iya faɗa wa maganar nan da baki.

Bari in rubuta dalla-dalla kamar yadda nake yi wa ɗalibai, ko zan ga wata kafa da zan fita.

Nan da kwana ashirin za a sare Gwaggo. Gwaggo ita ce bishiyar nan mai farin fure da ke kusurwar lambun cibiyarmu, lamba 217. Shekara hamsin da wani abu ke nan da aka kawo ta daga wani kwari da yanzu ruwan dam ya shanye, kuma ba a ƙara ganin irinta ko'ina ba. Masana sun daɗe suna gardama a kanta. Wasu sun ce jinsi ce mai zaman kanta, wasu sun ce 'yar bakin hanya ce kawai, irin wadda ake dasawa a gefen titi, furenta ne ya ɗan canza. Ni na raba gardamar. Ni ɗin nan.

A cikin kowane ganye akwai 'yan ƙwayoyi kore, kuloroplas, su ke dafa wa bishiya abinci da hasken rana. Suna da nasu rubutun gado, haruffa wajen dubu ɗari da sittin, kuma a yawancin tsirrai masu fure daga uwa kaɗai ake gadonsa. Aikina in karanta rubutun, in jera na wannan kusa da na wancan, in ce waɗannan 'yan ɗaki ɗaya ne, waɗancan kuwa tun kaka da kakanni suka rabu. Na karanta na Gwaggo, na karanta na 'yar bakin hanya, suka fito iri ɗaya sak, ko harafi ɗaya bai saɓa ba. Na rubuta, mujalla ta buga. Da takardata aka cire Gwaggo daga jerin itatuwan da ba a taɓawa, da ita kuma Darakta ya sa hannu a gina zauren taro a kusurwar.

Ɗazu na je in yi mata kallon ƙarshe, na tarar da Baba mai lambu yana kwashe busassun ganye a gindinta. Muka gaisa. Ya dafa ta ya ce, "Allah sarki. A gabana mahaifina ya yi mata aure, Dakta, ina riƙe masa igiya."

Na ce, "Aure kuma, Baba?"

Ya ce, "Ai reshe kawai suka zo da shi daga kwarin, a jiƙaƙƙen buhu. Ba shi da saiwa. Sai aka ɗora shi a kan gindin 'yar bakin hanya. Ɗaga kanki, ga tabon can."

Na ɗaga kai. Yana nan, zobe guda a jikinta, sama da tsayina da kamar kamu biyu. Shekara shida ina wucewa ta wurin.

Laraba, bakwai na safe

Saura sha tara. Wataƙila daga sama na tsinki ganyen da na gwada. Mutum yana mantuwa.

Laraba, ɗaya da rabi

Ban manta ba. Na buɗe tsohon littafina na fita daji, ga shi da rubutuna, har da ja masa layi don tsabar ƙwarewa: "217, ganye shida, reshen ƙasa, daidai kafaɗa." Daidai kafaɗa! Duk abin da ya tsiro ƙasa da tabon nan na gindi ne, na 'yar bakin hanya. Wato 'yar bakin hanya na gwada da 'yar bakin hanya, na yi ta murna sun yi kama. Tir da ni.

Na ɗauko katin bishiyar a durowar ajiya. An rubuta inda aka samo ta da shekarar, ba a rubuta an yi mata aure ba. Na ji daɗin wannan kamar minti biyu. Sai na tuna a ajin farko ake koya mana ka zagaya bishiya ka dube ta tun daga ƙasa har sama kafin ka taɓa ta, kuma ni ma haka nake koyarwa.

Na san dalilin da ya hana ni hawa tsani ranar. Ba yau zan rubuta shi ba.

Alhamis, huɗu na yamma

Na koma wurin Baba kamar mai wucewa. Na ce, "Baba, waɗannan ƙananan rassan na ƙasa fa, ina suke?"

Ya ce, "Duk shekara nake yanke su, in ba haka ba su shanye mata ƙarfi. Shekarar da na kwanta asibiti ce kaɗai suka yi tsawo." Ya tsaya, ya dube ni ta saman tabaransa. "Dakta, daga ina kika ɗebi naki?"

Na kau da kai. Bai ƙara tambaya ba, ya sunkuya ya ci gaba da shara, amma wuri ɗaya ya yi ta sharewa.

Saura sha takwas. Gobe zan faɗa wa Farfesa.

Juma'a, sha ɗaya na safe

Na shiga ofishin Farfesa da maganar a bakina, wallahi har na jera ta. Shi ne ya duba aikin digirina, sunansa yana kan takardar nan kusa da nawa. Ina buɗe ƙofa ya ɗaga hannu biyu sama: "Dakta! 'Yar halak, yanzu nake shirin aika a kira ki." Wai an sa sunana cikin waɗanda za a tabbatar wa aiki, wata mai zuwa za a gana da ni, kuma takardar Gwaggo ce a saman fayil. Ya zuba mini shayi da kansa, mutumin da ko biro ba ya ba wa kowa aro. Ya ce, "Me ya same ki kika yi zuru-zuru haka? Murna ce?"

Na ce murna ce, ranka ya daɗe.

A kan matakala na ce wa kaina ai ba a zuwa wa mutum irinsa da zato. Sai da hujja. In samo ganye daga sama, in gwada, in ya bambanta sai in kai masa. Wannan shi ne ilimi. Magana ce mai ma'ana ƙwarai, shi ya sa nake tsoronta.

Asabar, sha biyu na rana

Na hau.

Babu kowa a cibiya sai masu gadi. Baba ya kawo dogon tsanin ƙarfe, ya jingina, ya riƙe. A mataki na uku na tsaya cak. Na rungume tsanin na rufe ido. Baba ya ce, "Kada ki dubi ƙasa, 'yata, dubi tabon. In kin wuce shi kin iso." Mataki goma sha ɗaya ne. Na ƙirga su da baki kamar mai koyon ƙirga.

Can sama ganyen ya fi kauri, bayansa da ɗan gashi mai laushi. Da yatsa kawai na ji bambancin, ba sai da inji ba.

Na tsinki goma na zuba a ambulan. Zan sauko Baba ya miƙo mini almakashinsa ya ce, "Tunda kina can, yanko mini rassa bakwai, kaurin fensir, masu ido a jiki." Na yanko na jefo masa ɗaya-ɗaya. Ya naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma. Ban tambaye shi me zai yi da su ba, shi ma bai ce ba.

Da na sauko ya ce, "Litinin ki je ki gaya musu."

Na ce sai sakamako ya fito.

Ya ce, "Ni ban yi boko ba, amma na san mai zarto ba ya jiran sakamako."

Na ce akwai kwana sha shida, Baba. Da ɗan zafi na faɗa, tsohon da a haife ya haife ni. Ina jin kunya har yanzu.

Lahadi, biyar na yamma

Maigidan ya goge gilashin firam ɗin nan na falo, wanda ya sa shafin farko na takardata a ciki. Duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa: "Matata ce mai duba asalin ganye. Kawo mata ganye ta gaya maka wace ce kakarsa." Yau yana gogewa yana 'yar waƙa. Na tashi na shiga kicin na buɗe famfo, na tsaya ina kallon ruwa.

Litinin, shida saura na yamma

Na niƙa ganyen, na bi duk matakai. In an dace, wani ɗan layi mai haske ake gani a kan faranti. Babu komai. Ganyen saman yauƙi gare shi, ya dagula komai. Na ƙasan da na yi aiki da shi wancan karon bai ba ni wahala ko kaɗan ba, kuma ko wannan ya isa ya sa in tsaya in yi tunani da na taɓa riƙe na gaskiyar.

Abin da ya fi ba ni tsoro, da na ga farantin wayam sai na ji sanyi a raina. Wace irin mutum ce ni?

Saura sha huɗu.

Talata, uku da rabi

Babu layi.

Laraba, biyu na rana

Ya fito. Na wanke samfurin sau uku kafin layin ya yarda ya bayyana. Karanta rubutun gaba ɗaya zai ci mako uku ko fiye, ba ni da su. Na yanki ɗan guntu, haruffa ɗari takwas, na aika wa kamfanin da ke karanta mana, sun ce kwana biyar. Cikakken ma na aika, ya zo lokacin da zai zo. A fom ɗin, wurin sunan samfur, na rubuta "gwajin ɗalibai". Ƙarya ta farko da na yi a rubuce.

An kafa turaku masu jan ƙyalle kewaye da kusurwar. Wani ya zana mata gicciye da jan fenti a jiki, ƙasa da tabon.

Juma'a, tara na safe

Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin gwaji sai gabana ya faɗi. Jiya mai shara ce, na zabura har na zubar da kwalba. Farfesa ya tsayar da ni a baranda yana ba ni shawarar irin amsar da zan bayar ranar ganawa, ni kuwa bakinsa kawai nake kallo yana motsi. Na daina bi ta lambu, ina zagayawa ta bayan ɗakin janareta, takalmina duk baƙin mai.

Saura goma.

Lahadi, huɗu na yamma

To, bari in rubuta, tunda ya ƙi barina.

Cikin wata biyar ne da ni a lokacin. Bayan shekara bakwai muna jira. Likita ta ce kada in ɗauki abu mai nauyi, kada in hau ko kujera. Ranar ɗibar ganye tsanin yana nan jingine da bangon lambu, na gan shi, na dafa cikina na ce a'a. Na miƙa hannu na tsinki na kusa. Zan iya kiran wani ya hau mini, amma ba na so a ce ga ta nan, daga samun ciki ta fara kasawa.

Na bi maganar likita harafi da harafi. Bayan mako uku duk da haka muka dawo daga asibiti mu biyu, da jakar da muka tafi da ita.

Wata biyu ban fita ba. Abin da ya tashe ni daga kan gadon nan shi ne aikin Gwaggo. Maigidan yana cewa takardar nan ce ta dawo masa da matarsa. Ita kaɗai ce abin da ya fito da rai daga shekarar nan, yanzu kuma in je da ƙafata in ce ita ma babu?

Litinin, sha ɗaya da minti goma

Sakamako ya shigo. Na rufe ƙofa da makulli kafin in buɗe. Na jera guntun saman Gwaggo a kan na 'yar bakin hanya, kwamfuta ta sa wa wuraren da suka saɓa launi. Tara. A cikin haruffa ɗari takwas kacal, tara. Na jefa shi cikin salsalar dangin gaba ɗaya, jinsi talatin da huɗu, na jira injin ya zana. Ba ta ma zauna kusa da 'yar bakin hanya ba. Can ta fito a reshenta ita kaɗai, kusa da tushe, wato ta girme su duka.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tsofaffin da na ƙaryata su ne da gaskiya, kuma ita kaɗai ta rage a duniya, kuma saura kwana bakwai.

Na rubuta wa Farfesa da Darakta wasiƙa. Gajera ce, babu kwana-kwana. Tana nan a kwamfuta.

Talata, takwas na safe

Gobe zan aika. Yau Darakta yana da baƙi.

Laraba, shida na yamma

Baba ya zo har ƙofar ɗakin gwaji, abin da bai taɓa yi ba. Ya ƙi shigowa saboda takalminsa da laka. Ya ce, "Dakta, ya fito?"

Na ce ya fito.

"To?"

Na ce ina shirya takardu.

Ya ce shi ya je wurin mai kula da gine-gine tun makon jiya, ya gaya masa bishiyar nan mai aure ce, kan daban gindi daban. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Baba, masu digiri sun gwada ta da inji, kai kuma da me ka gwada?" Baba ya dube ni ya ce, "Ban ambaci sunanki ba. Ba nawa ba ne in faɗa." Ya juya ya tafi yana jan ƙafar nan tasa mai ciwo.

Da ma zagina ya yi.

Alhamis, bakwai da rabi na safe

Na faɗa wa maigidan. Yana ɗaura agogo zai fita na ce masa tsaya. Na faɗa duka, har da tsanin. Ya zauna a hannun kujera, ni kuwa ina jira ya dubi firam ɗin. Bai duba ba. Ya ce, "Kwana nawa kina ɗauke da wannan ke kaɗai?" Na ce sha shida. Ya ce, "Haba, ke kuwa. Haba." Sai ya ce, "In sun kore ki, sun kore ki. Ba takarda na aura ba. Tashi in kai ki yanzu."

Na ce a'a, Farfesa yana taro a wani gari, sai gobe zai dawo, kuma bai kamata Darakta ya ji kafin shi ba. Gaskiya ce. Duk dalilaina gaskiya ne, abin da ke kashe ni ke nan.

Saura huɗu. Gobe Juma'a, akwai sauran Asabar da Lahadi a tsakani. Ya isa a dakatar da su.

Juma'a, biyar da kwata

Na buga wasiƙar, na sa hannu, na sa a ambulan. Na hau bene. Na tsaya a ƙofar Farfesa, ina jin muryarsa yana waya yana dariya, har na ji ya ambaci sunana. Na ɗaga hannu. Na sauke shi, na juya.

Litinin da sassafe. Ƙarfe bakwai zan tsaya a gindinta da wasiƙar, masu aikin ba sa farawa sai tara. Na rantse.

Asabar, sha ɗaya saura

Sun zo yau.

Asabar, biyar na yamma

Wai motar ɗaukar itace yau kaɗai take da sarari, shi ne ɗan kwangila ya matso da aikin. Mai gadi ne ya kira ni, Baba ya ba shi lambata. Maigidan ya ja mota kamar zai tashi sama. Tun daga bakin ƙofa na ga sararin sama a inda bai kamata a gan shi ba.

Sun riga sun yayyanka ta gunduwa-gunduwa. Wurin duk ƙamshin ɗanyen itace. Na yi ta ihu ina cewa ku tsaya, ku tsaya, ina ɗaga ambulan, mai zarton ya kashe inji ya ce, "Hajiya, lafiya? Ai mun gama." Na bi rassan ina neman wanda za a iya ceta, amma tun safe suke cikin rana, an kuma taka su da mota.

Baba yana zaune a kan bokitinsa da ya kife, hularsa a gwiwa. Bai dube ni ba. Na ga guntun da tabon yake jiki, an raba shi biyu, ciki ana ganin layin da itace biyu suka haɗu, ɗaya fari ɗaya ja-ja. Na ce su bar mini shi. Mai zarton ya ce in ɗauka, ai na wuta ne.

Ko awa ashirin ba a yi ba tsakani. Da na ƙwanƙwasa ƙofar nan jiya.

Lahadi

Ban tashi ba.

Litinin, shida da rabi na safe

Wani tunani ya zo mini, zan rubuta shi don in ga muninsa da idona. Yanzu babu bishiya. Babu wanda zai sake gwada ta. In na goge sakamakon nan, na jefa guntun itacen a shara, shi ke nan, takardata ta zauna daram har abada. Baba ba zai yi magana ba. Maigidan ba zai yi ba. A tabbatar mini da aiki, in yi ta koya wa yara su zagaya bishiya kafin su taɓa ta.

Na fi minti talatin ina kallon wannan tunanin, kuma bai ba ni ƙyama da sauri yadda nake so ba. Tsoro nake ji.

Litinin, biyu na rana

Na ƙwanƙwasa.

Na ajiye masa guntun itacen a kan tebur, da wasiƙar, da zanen salsalar. Ya karanta a tsaye. Ya cire tabarau ya mayar, ya sake karantawa. Ya ce, "Yaushe kika sani?" Nan ne zan iya cewa jiya. Na ce kwana ashirin ke nan, ranka ya daɗe, sakamakon kuma tun Litinin da ta wuce yake hannuna.

Bai yi tsawa ba. Ya zauna a hankali ya ce, "Kuskuren ganye, kowa yana yi. Ni ma na sa hannu ban je na dubi bishiyar ba. Da kin zo mini da wannan, da tare za mu ɗauka." Ya taɓa itacen da yatsa. "Amma kwana ashirin ɗin nan naki ne ke kaɗai, Dakta."

Za mu rubuta wa mujalla a janye takardar. Za a kafa kwamiti. Ya ce in ba da makullin ɗakin gwaji kafin in tafi. Bai zuba mini shayi ba, shi ma nasa ya huce a gabansa.

Alhamis, goma na safe

An cire sunana daga jerin ganawa. Na zauna gaban kwamiti awa biyu, mutum huɗu, ɗaya daga cikinsu ɗalibar da na koya wa riƙe bututun gwaji. Sun ce za su rubuto mini. Ko ƙarar babur na ji a ƙofar gida sai in ɗauka wasiƙar ce.

Maigidan ya sauke firam ɗin. Ni na ce ya sauke. Wurin ya bar fari a bango.

Talata, huɗu na yamma

Cikakken sakamakon ya iso, Farfesa ya turo mini ba tare da ko gaisuwa ba. Wuri dubu ɗaya da ɗari biyu da wani abu suka saɓa. Yanzu muna da rubutun gadonta kaf, daga harafin farko zuwa na ƙarshe, za a iya ajiye shi shekara dubu. Amma rubutu ba ya fure.

Juma'a, sha biyu

Na je kwashe kayana daga ofis. Aikin ginin ya tsaya, wai ana jiran siminti, kututturen yana nan ba a tono shi ba. Ya yi toho, kore shar, kusan guda goma. Mai shara ta kama hannuna tana murna: "Dakta, zo ki gani, Gwaggo ta ƙi mutuwa!" Masu gadi ma sun taru suna cewa ikon Allah. Har wani ya kewaye shi da duwatsu.

'Yar bakin hanya ce. Gindin ne yake tohowa, irinsa dubu suna gefen titi. Na buɗe baki in gaya musu, na ga fuskokinsu, sai na ce, "A'a, ba ita ba ce," na yi musu bayani har ƙarshe. Ba su ji daɗi ba. Na gaji da barin mutane da abin da ba shi ne ba.

Ban ga Baba ba. An ce tun ranar bai cika zama a wannan gefen ba.

Asabar, tara na safe

Mai gadi ya kira, wai Baba ya ce in zo bayan rumfar renon tsirrai, in zo da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa.

Asabar, ɗaya na rana

Bayan rumfar, inda ake tara tsofaffin tukwane, akwai tukwane bakwai a jere a inuwa. Kowace da ɗan gindin 'yar bakin hanya, an yanke kansa, an ɗora wani reshe an naɗe da leda. Rassan nan ne da na jefo masa daga kan tsani. Tun ranar ya yi musu aure, da wuƙar mahaifinsa.

Ya ce, "Ban gaya miki ba, don kada ki samu wurin jingina ki ƙi zuwa." Ya gyara zaman wata tukunya. "Ashe ko ba wurin jingina ma ba ki je ba."

Na ce haka ne, Baba.

Biyar sun bushe, ya karya ɗaya ya nuna mini, ƙaras. Ta shida baƙi ya fara cin ta daga sama. Ta bakwai ya ce in durƙusa. A jikin reshen, sama da ledar, wani ido ya kumbura ya tsage, ɗan kore ya leƙo, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na kai yatsa, ya buge mini hannu. "Kul! Ba a taɓawa."

Na ce, "Za ta rayu?"

Ya ce, "Ban sani ba. Wani lokaci sukan buɗe ido da sauran ruwan jikinsu, sannan su mutu. Sai nan da wata guda." Ya ce hannunsa ya fara rawa, idonsa ma ba kamar da ba, in ta kama to shekara mai zuwa ni zan koyi yankan, don a samu ta biyu da ta uku. Na ce ai wataƙila ba na nan, kwamiti bai rubuto ba tukuna. Ya ce shi bai ji an ce kwamiti yana hana mutum shiga bayan rumfa ba.

Ya miƙo mini farin allo na roba, irin wanda ake ratayawa, ya ce, "Mahaifina bai iya rubutu ba, shi ya sa katin can bai faɗa ba. Ke kin iya."

Na buɗe alƙalamin. Na rubuta 217. A ƙasa na rubuta: "Mai aure ce. Gindin ba nata ba ne. Duk mai ɗibar ganye ya ɗiba sama da tabo." Na sa sunana da kwanan wata, don wanda zai tambaya ya san wa zai tambaya.

Wata guda. Gobe saura ashirin da tara. Baba ya ce in zo ƙarfe bakwai, kafin rana ta yi zafi, in zo da butar ban ruwa.